Fadamar Haɗejiya: Inda Tsuntsayen Turai Ke Cin Rani

Kowace shekara, da zarar an ba yara hutun Kirsimeti, iyaye sukan soma shawarar inda za a kai su. Masu hali sukan ce Yankari. Waɗansu su ce gidan namun daji na Jos ko na Kano, saura kuwa su tafi ƙauye gaida kakanni. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani wuri a arewa maso gabashin Jihar Jigawa wanda ba safai ake ambatonsa ba, ko da yake baƙi daga Ingila da Holan sun sha ƙetaro teku don su gan shi. Wurin nan shi ne fadamar Haɗejiya da Nguru.

A daidai watannin da muke hutu, watau Disamba da Janairu, dubban tsuntsaye daga ƙasashen Turai suna can sun sauka a kan tafkuna, sun gudo wa sanyin ƙasarsu. Ashe ba mutanenmu kaɗai ke zuwa cin rani ba. Ga masunta cikin kwalekwale, ga Fulani da garkunan shanu a bakin ruwa, ga gonakin alkama kore shar a tsakiyar hunturu. Yaron da ya tashi a birni, wanda bai san ruwa ba sai na famfo, zai ga abin da zai daɗe yana ba da labarinsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ya kamata a je yanzu. Fadamar tana cikin wani hali. Duk abin sha'awar da ke wurin ya dogara ne ga ambaliyar da kogi ke kawowa shekara shekara, ambaliyar nan kuwa ta sāke ƙwarai tun daga shekarar 1974. Za mu zo ga wannan. Bari mu fara da kogin kansa.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Mai karatu da ke zaune a Kano ko a Jos yana da hannu a cikin labarin nan, ko da bai sani ba. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa a kudu da birnin Kano, su wuce ta Wudil, su nufi gabas. Daga nan ne ake kiransa kogin Haɗejiya. Can kuma a kan tsaunukan Filato, ruwan Dilimi da ke ratsa Jos yana gangarawa arewa, ya shiga ƙasar Bauchi, ya zama kogin Jama'are. Kogunan nan biyu su ne iyayen fadamar.

Sa'ad da suka iso ƙasar Haɗejiya sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, babu gangare sosai. A gabansu kuma akwai jerin tuddan rairayi waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa kawowa har nan. Irin waɗannan tudda ne ake kira jigawa, daga gare su jihar ta sami sunanta. Ruwa ba ya iya ratsa su kai tsaye, sai ya rarrabu, ya bi ta tsakaninsu, ya malale ko'ina. A ƙasa da garin Haɗejiya kogin yakan rabu gida uku: akwai tsohon kogin Haɗejiya, akwai Burum Gana, akwai kuma mashigin Marma wanda ke kai ruwa tafkin Nguru. Abin da ya saura yakan haɗu da na Jama'are kusa da Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

Ambaliya takan kai ƙarshen cikarta wajen watan Satumba. Daga Nuwamba ruwa ya soma janyewa, yana barin laima da taki a bayansa. Dubi yadda jama'a suka tsara zamansu a kan wannan. Da damina ana noman shinkafa a cikin ruwa, gero da dawa a kan tudu. Ruwa na janyewa, masunta su bi kifin da ya maƙale a tafkuna. Manomi ya bi laima ya shuka wake, ko ya yi lambun tattasai da albasa da tumatir. Bayansu makiyayi ya kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe. Fili ɗaya yakan ciyar da gida uku cikin shekara ɗaya. Har wa yau, ruwan da ya nutse cikin ƙasa shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogi.

Zango na fari: birnin Haɗejiya

Daga Kano zuwa Haɗejiya tafiyar kusan kilomita 200 ce a mota. Wanda ya tashi da sassafe zai isa kafin rana ta take. Ya kamata a ba garin yini guda, gama yana da tarihi mai yawa.

Tsofaffi suna cewa wani maharbi ne mai suna Haɗe da matarsa Jiya suka fara zama a wurin, daga sunayensu aka sami Haɗejiya. A dā ƙasar ta kasu ƙananan sarautu bakwai: Haɗejiya, Auyo, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Dukansu suna bin Barno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. A 1808, zamanin jihadi, Sambo ya mai da Haɗejiya babban birnin masarautar da muka sani yau. Ɗansa Buhari, wanda ya yi sarauta tsakanin 1848 da 1863, shi ne ya yi wa Sakkwato tawaye, ya kuma gagari rundunonin da aka aiko masa. Har gobe sunansa na bakin mutanen garin.

Amma ranar da Haɗejiyawa ba sa mantawa ita ce 25 ga Afrilu, 1906. Turawa sun riga sun ci Kano da Sakkwato tun 1903, Haɗejiya kuwa ba ta sunkuyar da kai ba. A ranar nan sojojin Ingila suka shiga garin da bindigogi, aka gwabza a cikin lunguna har zuwa ƙofar fada. Sarki Muhammadu ya faɗi a wurin tare da 'ya'yansa da manyan jarumawansa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. A garin kuma akwai kabarin wani Bature, Kyaftin Phillips, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Maitumbi. Uban da ya tsaya da yaransa a wuraren nan yana da zarafin nuna musu abin da yaƙi ke bari a baya, ga wanda aka ci da wanda ya ci.

Ku nemi wani ɗan gari ya zaga da ku ku ga abin da ya rage na ganuwa, da wuraren tsofaffin ƙofofi kamar Ƙofar Arewa da Ƙofar Mandara. Ku bi ta ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau gado a 2002. Idan ziyararku ta zo daidai da Salla, to kun dace, domin hawan dawakin Haɗejiya abin kallo ne.

Kada ku bar garin ba ku leƙa kasuwar kifi ba. Tana cikin manyan kasuwannin kifi na arewacin ƙasar nan, fatake daga kudu sukan zo su yi lodin banda a cikin kwalaye. Nan ne yara za su koyi sunayen kifi da idonsu. Ga tarwaɗa mai gashin baki, ga karfasa, ga kurungu mai ƙaya, ga bargi. In an yi sa'a a ga gaiwa, kifin nan mai ban mamaki. Idan tafki ya ƙafe, gaiwa takan nutse cikin laka, ta naɗe kanta cikin wani kumfa da ke bushewa kamar jaka, ta yi ta shaƙar iska kaɗan kaɗan har damina ta zagayo. Za ku ga busassun kwaɗi ma, waɗanda ake kaiwa kudu. Uwargida ta riƙe 'yan kuɗi a hannu, gama bandar Haɗejiya tsaraba ce mai kyau.

Zango na biyu: Baturiya

Gabas da Haɗejiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, akwai gandun Baturiya. Shi ne zuciyar tafiyar. Daji ne na bagaruwa da giyayya da goruba, da tafkuna birjik a tsakaninsu, ruwan ya rufe da furannin bado. A 2008 aka sa shi cikin jerin fadamu masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a sa shi cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma.

Masana sun lissafta irin tsuntsaye sama da 370 a fadamar Haɗejiya da Nguru. Waɗansu 'yan gida ne, suna nan rani da damina. Akwai kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska, wadda ke tashi garke garke tana fito kamar yaro. Akwai dinya, babba ce ƙwarai, tana da ƙaho a gaɓar fiffike wanda take faɗa da shi. Akwai zalɓe, wanda zai tsaya cik a ruwa kamar an dasa shi, sai kifi ya kuskure ya matso. Balbela kuwa tana biye da shanu tana tsintar fari. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da dogayen yatsu wanda ke tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa. Ku nuna wa yara shi, ku tambaye su dalili, ku ga wanda zai fara gane cewa yatsun ne ke rarraba nauyinsa.

Sa'an nan ga baƙi. Mafi yawansu ƙananan agwagi ne da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu. Suna yin ƙwai a arewacin Turai da ƙasar Rasha. Da sanyi ya gabato, ruwan ƙasarsu zai daskare, sai su tashi su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara. Wata agwagwa cikinsu, namijinta na da farin zane a bisa ido kamar an ja masa alli, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Da wannan ɗan jiki take yin tafiyar dubban kilomita. Bayan hamada, ruwa na fari da za ta iya sauka a kai shi ne irin wannan: fadamun kogin Senegal, na kogin Kwara a ƙasar Mali, Tafkin Cadi, da fadamar Haɗejiya. Idan ta iso ta tarar babu ruwa, ba ta da sauran ƙarfin neman wani. Sukan fara isowa wajen Oktoba, su koma wajen Maris da Afrilu. Yadda aka tabbatar da hanyarsu shi ne, masana a Turai sukan sa wa tsuntsu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, in an same shi a Afirka sai a aika musu da lambar.

Kada yara su nemi shamuwa a Disamba. Ita tata tafiyar dabam ce. Daga kudu take zuwa da farkon damina, ta yi sheƙa a itatuwan gari, ta koma da kaka. Gauraka kuwa, mai kambin zinariya a kā, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasarmu, kakanninmu sun saba ganinsa garke garke a fadamu irin wannan. Yau ya yi wuyar gani a dajin Nijeriya. An kama su da yawa an kai gidajen masu kuɗi don ado, fadamun da suke ƙwai a ciki kuma sun ragu. Wanda ya gan shi a Baturiya ya rubuta ranar.

Lokacin kallo shi ne da asuba zuwa hantsi, ko kuma da la'asar sakaliya. A zauna a gindin itace, a yi shiru, a bar ido da kunne su yi aiki. Wannan ma horo ne mai amfani ga yaran zamani.

Zango na uku: Marma, Nguru da Dagona

Wanda ke da kwana biyu ko uku ya ci gaba zuwa arewa maso gabas. Hanyar Nguru tana bi ta gefen fadama, wani wuri ruwa dama da hagu. Ƙauyukan Marma, irin su Likori da Matara Uku, ƙauyukan masunta ne da manoman shinkafa. Za ku ga taru a shanye, da mali, watau tarkon kifin nan mai kama da kwando, an jera su a bakin ruwa. Za ku ga mata suna saƙa tabarma da faifai da kabar goruba. Za ku ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da harshen Bade a kasuwa ɗaya.

Da an shiga Nguru an shiga Jihar Yobe. Nan ne layin dogon da ya taso daga Kano, ya bi ta Malam Madori, ya ƙare a 1930. Shi ne ya raya garin da cinikin gyaɗa da ƙaro da shanu. Tafkin Nguru tare da mashigin Marma, fili mai faɗin hekta 58,100, shi ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin Ramsar, a shekarar 2000. Shiga kwalekwale a tafkin da yamma, rana tana faɗuwa jajur cikin ƙurar hunturu, tsuntsaye suna komawa makwanci sahu sahu, abu ne da ya cancanci wahalar hanya.

Tsakanin Nguru da Gashuwa, a ƙasar Bade, akwai tafkin Dagona. Ƙarami ne, wani tsohon lanƙwasan kogi ne da ya yanke ya zama tafki, amma yakan riƙe ruwa bayan waɗansu sun ƙafe, don haka tsuntsaye kan taru a kansa da yawa. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi wanda aka kafa a 1991. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth, ya ziyarci Dagona a 1989, lokacin yana shugaban wata babbar ƙungiyar duniya ta kiyaye namun daji. A ƙasar Bade ɗin ne kuma ake bikin kamun kifi a Gogaram, tsohon birninsu, da rani. Masunta kan faɗa ruwa gaba ɗaya da koma da gora, ana tseren kwalekwale da ninƙaya. Sai a tambayi ranarsa tun da wuri, domin takan canja.

Ciyawar da ta cinye kogi

A kan hanyar nan duka, za ku lura da wata doguwar ciyawa, ta fi mutum tsayi, mai kai kamar zangarniyar gero, ta rufe ruwa iyakar ganin ido. Baƙo zai ce kyakkyawa ce. Ɗan ƙasa kuwa ya san ita ce babbar masifarsa. Sunanta kacala.

Ga yadda abin ya faru. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. An gina su da kyakkyawar niyya, don birnin Kano ya sami ruwan sha, a kuma yi noman rani a Kadawa da Kura. Sun yi wannan aiki, ba mai musu. Amma sun sāke halin kogi. A dā kogin Haɗejiya yakan cika ya tumbatsa da damina, ya share hanyarsa da ƙarfi, da rani kuma ya ƙafe ƙaf har a bi ta cikinsa da ƙafa. Kacala ba ta jure watannin fari, saboda haka ba ta sami wurin zama ba. Da aka datse ruwa, sai babbar ambaliya ta ragu, aka kuma riƙa sako ruwa kaɗan kaɗan duk shekara. Ruwa marar ƙarfi yakan zubar da yashi da laka a hanya. Laka mai laima rani da damina kuwa ita ce abin da kacala ke so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A shekarun 1960, ambaliya takan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farin 1984 bai kai 300 ba. Kacala kuma ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana, ruwa ya karkata ya cika Marma. Sai aka sami abu biyu a lokaci ɗaya: gonakin waɗansu sun nutse shekara da shekaru, na waɗansu kuwa can ƙasa wajen Gashuwa sun rasa ruwa. Kwalekwale ba ya ratsa kacala, taru ba ya shiga. Cikinta jan baki ke kwana, tsuntsayen nan da kan sauka kan gonar shinkafa ko gero kamar hadari su cinye ta. Sauro ma ya sami gida. In kuma aka yi damina mai ƙarfi, ruwa ya rasa hanya, sai ya faɗa garuruwa. A 2020 da 2022 mutanen Haɗejiya sun kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa don su tare ruwa, ƙauyuka da yawa na kewaye kuwa sun nutse.

A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, tare da abokan aikinsa, sun auna amfanin da ake samu daga ruwan da aka bari ya malala a fadama, suka gwada shi da na ruwan da aka karkatar zuwa manyan gonakin rani a sama. Da suka haɗa shinkafa da kifi da itacen wuta, sai suka ga ruwan fadama ya fi riba nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa masana ke ta roƙon a riƙa sakin ruwan madatsu a kan lokaci, yadda zai yi kama da ambaliyar dā. Shi ya sa kuma ake jayayya a kan madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan kogin Jama'are, gama yanzu kogin nan ne ke kawo yawancin ambaliyar da ta saura.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. Tun 1987 aka soma wani shiri na kiyaye fadamar, da taimakon ƙungiyoyin gida da na waje. A 2006 jihohi shida da kogunan ke ratsawa, watau Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Barno, suka kafa asusu ɗaya don kula da ruwan. Ƙauyuka sukan yi gayya su shiga ruwa har wuya da lauje da adda su buɗe hanya. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa. Ana kuma gwada mai da kacala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Amma ciyawar tana tofowa daga saiwa, in an sare ta bana sai an koma baɗi.

Shirin tafiya

Lokaci mafi kyau shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Hanyoyi sun bushe, zafi bai sauko ba, baƙin tsuntsaye kuma suna nan. A kwana a Haɗejiya, inda akwai masaukan baƙi, a fita da asuba. Hanyar shiga gandu ta rairayi ce, tana son mota mai tsayi. Kafin a tashi daga gida a tambayi mutanen wurin lafiyar hanya, musamman in za a ƙetara zuwa Yobe, a kuma guji tafiyar dare.

A fara neman izini wurin ma'aikatan gandun daji, a ɗauki ɗaya daga cikinsu ko wani ɗan ƙauyen ya yi jagora, a kuma sallame shi da kyau. In an shiga ƙauye a fara gaida mai gari. Kada a ɗauki hoton kowa, balle matan aure, sai da yardarsa. Yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, masu karɓar baƙo da hannu biyu. Mu sa tufafin mutunci, mu kuma ba su wuri idan lokacin sallarsu ya yi.

Iyaye mata, ga naku. A riƙe ruwan sha daga gida, da rigunan sanyi domin asubar hunturu, da gidan sauro. Kome roƙon yara, kada a bar su su yi wanka ko wasa cikin tafki. Ruwan kwance irin wannan yana da ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta sa fitsarin jini. Rigakafi ya fi magani. Game da kwalekwale kuma, kada a shiga wanda aka cika maƙil, kada a shiga bayan magariba, a nemi rigar kariya ga kowane yaro. An sha yin hasarar rayuka a ruwayen nan saboda lodi fiye da kima.

A bar danƙo a gida. Kada a sayi tsuntsun daji mai rai ko ƙwansa a hannun kowa, domin mai saye shi ke sa mai kamu ya koma daji. Leda da gwangwani a dawo da su cikin mota. A ba kowane yaro ɗan littafi da fensir, ya zana tsuntsun da ya gani, ya tambayi jagora sunansa ya rubuta. Wanda ke da madubin hangen nesa ya zo da shi, wanda ba shi da shi kuwa idonsa ya isa.

Allah ya ba mu amanar ƙasar nan, mu ci amfaninta mu kuma miƙa ta ga na baya. Mutum kuwa ba ya tsaron abin da bai taɓa gani ba. Cikin yaran da za ku kai Baturiya bana, wataƙila akwai wanda wata rana zai zama injiniyan ruwa, ko malamin gona, ko ɗan majalisar da za a kawo wa takardar wata sabuwar madatsa ya sa hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sa'ad da kuka komo gida, ran da yaro ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba, ku tuna masa da masuncin Likori da 'yar agwagwar nan mai farin zane a ido, ku ce masa ruwan nan da su ake rabawa. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.